Tawada a Farce

Litinin, gab da la'asar.
Tukunyar shayina ta tafasa karo na uku,
rediyon Tanimu mai faci na ta tari a kan benci,
sai baturen zaɓe ya gyara murya
ya shiga jero lambobi
kamar dillali na ƙirga shanu a Oko-Oba.

Namu: dubu goma sha tara da ɗari huɗu da shida.
Nasu: dubu ashirin da uku da...
ban ji ƙarshen ba,
jirgin ƙasa ya ratsa Agege ya haɗiye sauran.
Ko bai haɗiye ba, ai na iya lissafi.

Shidan nan na wutsiya, na san su.
Ni, ɗaya. Sahura uwar 'ya'yana, biyu.
Tanimu da ƙanensa, huɗu.
Baba Ilu da muka tallafo da sandarsa, biyar.
Na shidan ban san shi ba,
ko waye, Allah ya ba shi haƙuri.

Ran Asabar tun sallamar asuba nake kan layi
a filin firamare, rana ta fito ta same mu,
ta gasa mu, ta gaji.
Na'ura ta ƙi yatsana har sau uku,
shekara ashirin da bakwai ina ɗaukar buta mai zafi,
wuta ta cinye zanen da Allah ya yi mini.
Sai da ta leƙa fuskata ta ce: e, shi ne.

Wani yaro mai jan ido ya matso:
aboki, tafi garinku ka yi zaɓe.
Na ba shi amsa da Yarabancin da ya girme shi.
A bayan layin dogon nan aka binne cibiyata,
jirgin goro ne ya sauke ubana,
bai koma Gumel ba sai a hira.
Wane garin kake nufi?

Ba abu mai yawa na nema ba.
Kwatar da ke shigo mana ɗaki duk damina
ba sallama,
wutar da ke zuwa kamar mai bin bashi ya hango mai gida ba ya nan,
sai katin asibitin Jummala.
Ɗan lauyan nan ya zauna a bencin nan,
ya sha shayi, ya saurara, ya biya da kuɗinsa.
Bai raba shinkafa ba.
Wataƙila a nan ya faɗi.

Can tsallaken titi ganga ta ɓarke.
Iya Ronke mai burodi ta ɗaure ɗankwali a ƙugu,
nata ya ci, zai tafi Abuja,
za a ba shi kujera mai juyawa
da motar da ba a ganin na ciki.
Na so in ji haushinta, haushin ya ƙi zuwa.
Kwata ɗaya muke kwasa ni da ita,
da bokiti ɗaya ma, wani lokacin.

Da magariba sai ga ta da tire a ka,
tana haki, ta sauke mini ashirin kamar kullum,
ta ɗora ɗaya a sama.
Gyara, in ji ta, ba ta dube ni ba.
Na ce: ki gaya wa naki,
ruwan Yuni bai san wanda ya ci zaɓe ba.
Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi.

Yanzu dare ya yi.
Ina duban tawadar da ke farcena
a hasken fitilar ƙwai.
Na goga da sabulu, ta ƙi.
Za ta bi farcen ne a hankali,
kowace Juma'a reza ta ɗauki kaɗan,
kafin ruwan farko ta tafi.

Katin kuwa na mayar da shi gwangwanin madara
tare da rasit ɗin haya.
Shekara huɗu.
Baba Ilu ya ce kada mu sa shi a lissafi.
Na ce: Baba, ka dai riƙe sandarka.

Mai shayi, soya min ƙwai biyu.
To. Da albasa?