Taɓaryar Tabawa

Kayan sun iso ran Laraba
cikin 'yar ledar da ba ta cika tafin hannu ba.
Mannir ya karɓo a tasha, hannun direban Kano,
ya zazzage su a faranti yana dariya:
bututun tagulla, baki, maƙali,
sifirin siriri kamar tsutsar wake.
"Kawu, wannan ne biron? To ina jikinsa?"
Na ce jiki kam aikina ne.

Kakana Mani turmi yake sassaƙawa a Rafindadi,
in gizagonsa ya sauka har masallaci ana ji.
Ga jikansa yau a rumfa, Ƙofar Marusa,
gaban injin gurza da bai fi keken ɗinki ba,
yana neman icen da tsawonsa yatsa ne.

Na gwada maɗaci. Ya yi ja, ya yi santsi,
bai ce mini komai ba.
Marke kuwa tsagewa ya yi.
Sai na tuna taɓaryar Tabawa, mahaifiyarmu,
wadda ta karye a daminar da ta rasu,
tana jingine bayan randa shekara tara,
an rasa mai zuciyar da zai sa ta a murhu.
Ƙirya ce. Sai da zarto ya yi kuka kafin ya ratsa ta.

Na huda tsakiya, na shafa gam,
na zura tagulla, na bari ta kwana.
Da hantsi na ɗaura, na kunna.
Ice ya fara juyi har kusurwoyinsa suka ɓace,
na kai bakin ƙarfe a hankali
kamar mai cire wa yaro ƙaya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙamshin.
Da ƙarfe ya ci ɓawon sama
sai daddawa ta taso, sai barkono, sai citta,
sai geron fura na asubahin azumi.
Shekara talatin na daka
suna fita siri-siri, suna zuba a kan takalmina.
Na kashe injin. Na ce da Mannir ƙura ce ta shigar mini ido.

Na farko na matsa masa.
Ina son ya yi siriri irin na banki,
ice ya koma kamar fatar albasa,
tagulla ta leƙo, ya dare gida biyu.
Na biyu yana tsaka da kyau aka ɗauke wuta,
na zauna har la'asar ina kallonsa,
rabi biro, rabi taɓarya.
Sannu dai ba ta hana zuwa.

Samfefa mai kaushi, sannan mai laushi,
sannan wadda ba ka jin ta ko a leɓe.
Kakin zuma a tsumma, injin na gudu,
zafi ya ratso har yatsana,
baƙin ƙirya ya fito da jan jijiya a ciki.
Na matse baki, na matse maƙali,
na murɗa: tsini ya leƙo. Na murɗa: ya koma.
Duk tsawonsa bai wuce ɗan alina da rabi ba,
ya shige aljihun gaba ya yi shiru.

Tabawa ba ta taɓa riƙe biro ba.
Ranar karɓar haƙƙin babanmu a sakatariya
babban yatsanta aka kama, aka dangwala a tawada,
ta dawo gida tana goge shi a gefen zane
kamar ta taɓa abin wani.

Na yago bayan takardar siminti.
Tawada ta ƙi fitowa, na huhhura, na zazzana,
sannan ta zo.
Na rubuta sunanta. Ba'in ɗin ya ɗan karkace.

Bishir mai shayi ya taya dubu huɗu.
Yayata Lauratu ta bugo daga Daura,
ta ce ita ce babba, ita ta fi daka da ita.
Abin da ya rage na taɓaryar zai yi shida,
in hannuna bai sake rawa ba.
Mu bakwai ta haifa.