Wasa a Sandar Giya

Bappa Sajo ya kawo ta da hantsi.
Ja ce, irin jan da rana ta tsotse har ya koma na manja,
ƙofa biyu, ciki dab da ƙasa kamar kada.
Tun yana akawu a kamfanin auduga
wani Bature mai komawa gida ya bar masa ita
a bakin bashin da ya kasa biya.

Na kama sandar giya.
Subhanallahi.
Muciya ce a tukunyar da tuwo ya ƙare.
Ka yi sallama da ta ɗaya, ta uku ta amsa.
Ribas kuwa sai lalube,
kamar neman takalmi a ƙofar masallacin Juma'a.

Ya ce a Duwala an ce akwatin giya ya mutu,
an yanka masa sefa dubu ɗari shida.
Na ce Bappa, ba a ɗinka wa mai tari likkafani.
Bari in ji ta bakinta.

Abbo, ɗaga jak. Sa dutse a bayan taya.
Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashinta,
zafin Garwa daga ƙasa,
baƙin mai daga sama yana ɗiga mini a gemu.
Kaɗa sandar, Abbo. Hagu.
A hankali, ba daka kake yi ba.
Ina bin motsin da yatsa
gaɓa bayan gaɓa, kamar mai ɗori,
har na kai inda saƙon yake ɓacewa.

Wani ɗan zoben roba ne, bai kai ƙwallon dabino ba,
shekara arba'in yana shan gugar ƙarfe
har ya zama gari.
Fil ɗin da ke cikinsa ya rame a ƙugu.
Iyakar ciwon ke nan.

Na zaga masu kayan gyara, kowa sai ya juya shi a tafi
ya ce wanda ya ƙera wannan ya daɗe da rufe shago.
Na nufi Rumde Ajiya wurin Gaston mai feƙe ƙarfe
da kan tsohon famfon tagulla a aljihu.
Ya auna, ya yi tsaki, ya sake aunawa.
Sau biyu aka ɗauke wuta.
Sai la'asar sakaliya ya miƙo mini zobe
da sauran ɗuminsa, kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu.

Giris. Sabon fil.
Noti, a ɗaure shi ba tare da an ci zalinsa ba.
Na wanke hannu da kananzir na zauna.
Ƙas.
Ƙas.
Kowace giya ta san ɗakinta.
Na hau gadar Binuwai da ta huɗu,
masu wanki a ƙasa suka ɗaga kai,
injin yana waƙar da ya manta yana da ita.

Na dawo na ba Bappa makulli.
Ya zauna, ya gyara hula, ya taka kuloci,
hannunsa ya yi doguwar kewayar nan
ta shekara ashirin,
ya je neman ta biyu a inda ta saba ɓuya.
Gurrr.
Ya sake. Gurrr.
Ya dubi tafinsa kamar na aro ne.
Ya ce kai yaro, da ka rage mini ɗan wasa kaɗan,
ita ka gyara, ni fa?

Na ɗora hannuna a kan nasa,
baƙi a kan busasshe,
muka ja tare, taƙi guda kawai.
Ya yi shiru.

Da ya tafi na tsaya a ƙofar gareji ina saurare.
A kwanar mai shayi na ji ta yi ƙara.
Wajen gidan mai ta ƙara yi, kaɗan.
Daga nan ban ji komai ba
sai Abbo yana tattara sifanu,
yana cigiyar mai lamba goma sha uku.