Aljihu Babu Hanta

Ƙarfe tara na safe a Joensuu, gari bai gama wayewa ba.
Dusar ƙanƙara ta binne tayoyin motoci a ƙofar zaure.
A ciki kafet kore, farar igiya ta zagaye fili,
karnuka ashirin da uku, kowanne da mai shi da fargabarsa.

Dokar nan ba ta da sassauci:
ba ƙwallo a hannu, ba hanta a aljihu.
Na bar gwangwanin a kujerar bayan mota,
na shigo da Mosku, hannu rabbana.
Ba abin da zai gani sai ni,
tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya mai ciwon gwiwa.

Bara a Kuopio ya zubar mini da mutunci.
Muna tsakar tafiya ya ja birki, ya yi hamma,
ya sa hanci ƙasa yana karanta labarin karen da ya wuce.
Na kira, ya yi kunnen uwar shegu.
Na dawo gida ina cewa ya lalace.
Aulis mai gyaran kwalekwale ya ajiye guduma ya dube ni:
"Sirkka, kin taɓa ganin fuskarki a fili?
Kamar wadda ta zo biyan tara.
Wa zai bi wannan fuska da rawar jiki?"

Maganar ta yi zafi, na kwana da ita.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sai na rage darasi ya koma minti uku.
Na koyi tsayawa tun yana neman ƙari,
in ɗauke kwano da sauran marmari a bakinsa.
Na koyi jan tsumma da shi a tsakar gida
har maƙwabta suna leƙe ta labule,
mace mai shekara sittin da huɗu tana gurnani.
Wata rana lada a taku biyu,
wata rana sai a taku arba'in,
don kar ya san ranar samu, ya yi ta sa rai.

Yau ga mu. An ba da izini.
Kafaɗarsa a gwiwata ta hagu, idonsa a haɓata,
na juya ya juya, na tsaya ya zauna.
Tsakanin aiki da aiki akwai ɗan numfashi,
nan na zuba duk abin da na mallaka:
susa ɗaya a ƙirji, kalma ɗaya a kunne
wadda ba wanda ya san ta sai mu biyu.

Aka jera 'yan katakai shida,
ɗaya ne kawai ke ɗauke da gumin tafina.
Ya sunsuna, ya wuce nawa,
ya ɗauko na kusa da shi, ya taho da gudu,
kunne a miƙe, bindi na kaɗawa,
kamar ya haƙo mini zinariya.

Alƙaliya Marjatta ta ɗaga sifili.
Na ji fuskar bara tana hawowa daga wuyana.
Na haɗiye ta.
Na karɓi katakon da hannu biyu,
na ce masa madalla, kuma ba ƙarya na yi ba.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
shi kuwa tawa kaɗai yake tambaya.

Bindin bai sauka ba.
Ya tsallake shinge, ya kwanta daga nesa da ɗaga hannu ɗaya,
na kira ya zo kamar an harbo shi.

Na sha ɗaya muka yi.
Ban tsaya karɓar takarda ba,
muka fita cikin sanyi ina ɗingishi yana jan igiya,
na buɗe mota, na juye masa gwangwanin kaf a kan ƙanƙara.
Ya cinye, ya lashe baki,
sai ya juya yana kallon ƙofar zaure,
ya zo ya zauna a gefen ƙafata ta hagu.