Shafi Na Ɗari Huɗu da Sha Ɗaya

Littafin ya kusa tubali nauyi.
Malama Turai ta ba ni aro, ta ce,
"Kada ka karanta shi da dare."
Da dare na karanta shi.

A kemis ɗina na Ƙofar Marusa,
bayan isha'i, in ciniki ya lafa,
janareton maƙwabci yana ta tari,
ni kuwa ina bin wasu yara biyu
a wani gari na bakin teku
da ko sunansa harshena ba ya iya juyawa.

Mako uku ina tafe da su.
Kwalin maganin tari ne alamar inda na tsaya.
Wata tsohuwa ta zo sayen man zafi,
ta leƙa idona, ta ce, "Wa ya rasu?"
Na ce, "Ba kowa, Inna, mura ce."

A shafi na ɗari huɗu da sha ɗaya
yaron ya ƙi tuɓe riga a bakin ruwa.
Na rufe littafin.

Sallau.

Kududdufin bayan ganuwa, tsakiyar damina,
mu zindir kamar kwaɗi,
shi a tudu da riga mai dogon hannu
yana tsaron takalmanmu.
Har suna muka sa mashi, Maigadi.
Ya amsa. Kome aka kira shi, amsawa yake.

Ran da na fizgi rigar don wasa
na ga bayansa:
kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa,
sabon sawu bisa tsoho,
faɗinsa daidai da bel ɗin injin niƙa.
Ya dube ni. Bai ce kada in faɗa ba.
Ban faɗa ba.

Kawunsa mai injin
ba ya rasa sahun gaba,
ran Juma'a yakan raba mana alewa.
Na miƙa hannu. Na karɓa. Na sha.
Shekara talatin da ɗaya ke nan,
sai daren nan zaƙinta ya taso mani.

A littafin, abokin ya yi magana.
Shafi tamanin suna magana,
suna kuka, suna kiran abin da sunansa.
Na ji haushin marubucin.
Shi da alƙalami a hannu, me zai hana shi jarunta?
Ni shekarata goma,
bakina cike da alewa.

Kwana tara littafin na ƙarƙashin kanta,
tsakanin audugar ciwo da ruwan gishiri.
In na duƙa ɗauko wani abu, sai mu haɗa ido.

Yanzu Sallau gyaran fanka yake a Ƙofar Guga.
Ko a bazara, da rana ke narka kwalta,
hannun rigarsa a ɓalle har wuyan hannu.
Ɗiyansa uku suna hawa kafaɗarsa kamar kuka,
ba wanda ya san nauyin tafinsa.

Na ɗauki fankar shagona na kai mashi.
Ya jona, ta juya.
Ya kasa kunne, ya kashe, ya sake kunnawa.
Ya ce, "Ai lafiyarta lau, Isuhu."
Na ce, "Na sani."

Ya daɗe yana kallon reshen fankar
har ya tsaya don kansa.
Sannan ya matsa mani a benci,
ya aiki yaro ya sawo rake.
Muka yi ta sha muna tofar da ɓawo,
ba teku, ba shafi tamanin,
sai gwiwarsa da ta jingina da tawa
har aka kira la'asar.

Saura shafi ɗari biyu da wani abu.
Jiya Malama Turai ta aiko ko na gama.
Na ce a ce mata ta ƙara haƙuri,
ban bar bakin ruwan ba tukuna.