Katantanwar Yudon

A bakin kogin Kali Gandaki, sama da Kagbeni,
Yudon ta fasa baƙin dutse,
sai ga katantanwa a naɗe ciki
kamar gammo.
Teku? A nan, inda alfadari ke haki?

Jikanta Rinzin ya shimfiɗa bargonta a ƙasa,
ya danne gefe guda, ya turo ɗayan.
Bargo ya yi tudu, ya yi kwari, ya hau kansa.
"Haka ƙasar Indiya ke yi, Kaka.
Tafe take, kai a sunkuye,
tana kutsawa ƙarƙashin Asiya
a hankali, kamar tsirar farce.
Ƙasan teku mai nauyi tuni ya nutse.
Tudu kuwa ya ƙi:
ya lanƙwashe, ya tsage, ya goya ɗan'uwansa,
can ciki, wurin zafi, ya yi laushi kamar kwaɓin sha'ir."

Yudon ba ta tanka ba.
Ta dubi tsagar bangon ɗakinta
ta shekarar da ƙasa ta girgiza,
ta dubi bayan hannunta, jijiya bisa jijiya,
ta ɗaga kai ga dutsen can, mai zane a karkace
kamar wanda aka murɗe wa wuya.

"Ashe shi ma turo shi aka yi," in ji ta,
"ba da son ransa ya yi tsawo ba."

Da dare ta kara katantanwar a kunne.
Babu igiyar ruwa.
Iska ce kawai,
da ƙararrawar alfadarai.