Tsahara, Ba Hamada Ba

A Tawa, bayan ofishin magajin gari,
akwai ɗakin da fanka ke juyi kamar mai ciwon wuya.
Nan nake wuni, ni Arzika,
ina ɗura wa na'ura sunayen mutane
daga kundayen da gara ta riga ni karantawa.

Ran Laraba gwaggona ta shigo
da takardu uku ƙulle a gefen zane.
A ta haihuwa an rubuta Sahara,
a katin likita Tchahara,
a littafin masu albasa kuwa Zahara Nomao.
Mace ɗaya, alƙalami uku,
kowane malami da irin kunnensa.

Na buga sunan farko a tsohuwar yanar gizo.
Ta zubo mini rairayi, da raƙuma,
da taswirar ƙishirwa.
Gwaggo ta leƙa, ta yi dariya har kallabi ya zame:
"To, ni ce wannan tudun? Ina ƙafafuna?"

Tsohuwar yana aku ce, Gwaggo,
ta haddace kalma, ba ta san mai ita ba.
Wadda muke saƙawa yanzu zumunci ake koya mata,
uku-uku, kamar duwatsun murhu:
ga wannan, ga wancan, ga abin da ya ɗaure su.
Tsahara, ɗiyar, Nomau.
Nomau, ya gina, rijiyar gabas a Kalfu.
Rijiya, ta shayar da, garkar albasa.
Albasa, ta hau, motar Abijan.
Ka ja zare ɗaya, ƙauye ya motsa.
Gobe in likita ya tambaya daga Yamai,
ba za a aiko masa da hamada ba.

Ta ce, "Wannan ne sabon?
Kakarka Igge ta yi shi ba lantarki.
A gidan suna, ta dubi kunnen jariri kawai
ta kai shi har kakan da ya zo daga Illela da jaki ɗaya."

Sai ta yi shiru, ta gyara zama.
"In ya san wa ya haife ni,
zai san wa ke bi na kuɗin iri?"
Na dubi fanka.
Zare ba ya zaɓen abin da zai jawo;
wanda ya kawo magani shi zai kawo mai bashi,
sai in mun koya masa kunya,
kuma ban ga gurbin kunya a allon ba tukuna.

"To rubuta wannan," in ji ta.
"Shekarar da gero ya ƙi,
na shayar da ɗan Habsu wata bakwai.
Yanzu direba ne, yana ce mini Inna."
Na nemi kalmar a jerin da aka aiko mana.
Akwai haihuwa, akwai aure, akwai gado,
babu nono.

Na buɗe sabon layi, na rubuta ta da kaina,
ban sani ba ko can sama za su karɓa.
Kafin in adana, wuta ta ɗauke.

Gwaggo ta naɗe takardunta, ta fita tsakar gida,
inda mutum tara ke jiran layi a inuwar bedi.
Ina ji tana gaishe su ɗaya-ɗaya,
kowa da sunan uwarsa.