Layin da ke Bango

Dillali ya ce Agege ta fi ƙarfin aljihuna,
mu gangara Ikorodu.
Muka gangara. Danfo biyu, acaɓa ɗaya,
sai ƙafa, daga inda kwalta ta gaji ta tsaya.

Ɗaki goma sha biyu, ƙofa na harar ƙofa,
banɗaki guda can ƙurya yana jiran kowa.
Baba Oyelade ya fito da ɗaurin zane,
ya auna ni daga hula har silifa:
"Shekara biyu a dunƙule. Kuɗin lauya daban.
Ba a daka bayan isha'i."

Na shiga. Fenti sabo, shuɗi, bai gama bushewa ba,
amma daidai gwiwata
wani layi ya ƙi ɓuya.
Na ce, wannan fa?
Dillali ya ce ado ne.
Wata mai tankaɗen garin rogo a baranda
ta yi dariya, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Ruwan Yuli ne ya sa hannu.
Shi ma ɗan haya ne, biya ne dai ba ya yi."

Ribar albasar wata bakwai
na danƙa wa Baba, ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa.
Mabuɗi ɗaya, da rasit mai sunana a karkace.

Da dare na kira Hajjo a Illela.
"Ya ɗakin?"
Na ce yana da taga.
Ban gaya mata na sayo bulo takwas ba,
na ɗora gadonmu a kai,
taƙi ɗaya sama da layin.